Tsohuwar adaftar Commodore 64 da yadda ake haɗa mata sabuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Muna kwashe kayan ɗakin kawuna sai muka ci karo da kwamfuta Commodore 64 a cikin akwati, wadda ya taho da ita daga Ingila lokacin da ya yi karatu a can a shekarun 1980. Adaftarta na nan, baƙa mai nauyi, har da na'urar kaset ɗinta. Ina so in kunna ta yara su gani. Wani mai gyaran rediyo ya ce in jona kawai in gwada, in ba ta kama ba zai yanke wayar ya haɗa mini da cajar waya, tunda 5V take ci. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa dai ba ka riga ka jona ba. Ɗauke wannan adaftar ka ajiye ta nesa da soket tukuna. Mai gyaran rediyon ya faɗi rabin gaskiya, lallai akwai 5V a cikin maganar, amma shawarwarinsa biyun kowacce na iya ja maka asara, kuma ta farkon ta fi muni. Kwamfutar da ta yi kusan shekara 40 kwance a akwati sau da yawa lafiyarta lau. Cikin abubuwan da suka fi kashe irinta akwai tsohuwar adaftarta, a ranar da aka tashe ta daga barci.

Juya adaftar ka karanta abin da ke rubuce a jikinta. Za ka ga wuta iri biyu take fitarwa. Akwai 5V DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, mai ƙarfin 1.5A ko kusa da haka, akwai kuma 9V AC, wato wuta mai kai-komo irin ta gari, mai ƙarfin 1A. Dukansu ta waya ɗaya suke bi zuwa wani zagayayyen filogi irin wanda ake kira DIN, mai gurbin ƙafa 7. A cikin adaftar taransfoma ce mai naɗi biyu a gefen fita. Naɗi ɗaya yana tafiya kai tsaye zuwa kwamfutar, shi ne 9V AC ɗin. Ɗayan ana bi da shi ta diyod a mai da shi DC, babbar kafasita ta lafar da shi, sannan regileta ta rage shi zuwa 5V. Duk fitinar a kan regiletar nan take.

Irin wannan regileta ba ta da wata dabara ta rage wuta sai ƙona rarar. In 9V ko 10V ke shigar mata, tana fitar da 5V, kwamfutar kuma tana jan kusan 1A, to wat 4 zuwa 5 kenan ke zama zafi a jikin ɗan abin da bai kai kan babban yatsa ba. Da an ba ta farantin ƙarfe mai faɗi da iska, da ba komai. Sai kamfanin ya zuba wani irin gam mai daskarewa, dangin Araldite, ya cika cikin yawancin adaftocin har baki. Babu inda iska za ta shiga, babu kuma yadda mai gyara zai kai hannu. Ni a ganina lissafin kuɗi ne ya kawo haka. An fito da kwamfutar a watan Agusta na 1982 a kan dala 595, kafin ƙarshen 1983 farashin ya faɗi ƙasa da rabi saboda gasa da sauran kamfanoni, kuma babu wanda ya zauna yana tunanin za a nemi kunna ta bayan shekara 40. Zafi da sanyi, zafi da sanyi, shekara da shekaru, sai kafasitar ta bushe, dalmar da ke riƙe da ƙafafun regiletar ta tsattsage. In ƙafar da ke zuwa nagetif ce ta saki, ko regiletar ta lalace daga ciki, ba ta ɗauke wuta. Sakin ta take yi. Layin da ya kamata ya tsaya a 5V sai ya haura 6V, 7V, ko fiye, fitilar kwamfutar na ci ja-wur kamar babu abin da ke faruwa.

Wannan layin na 5V kuwa ba ya bi ta wani mai gadi a cikin kwamfutar. Daga filogi sai makunni, daga makunni sai ƙafafun IC, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa da ke yin aikin kwamfutar. Ƙananan IC na dangin 74LS an yi su ne su yi aiki tsakanin 4.75V da 5.25V. Waɗanda ke fara mutuwa galibi su ne na RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe bayanai tana aiki. A tsofaffin fanel, wato allon da aka liƙa kayan kwamfutar a kai, guda 8 ne masu lamba 4164. Su da sauƙi, ana samun madadinsu, sai dai wahalar cire su daga fanel ba tare da ɗaye layin tagulla ba. Inda abin ke da ciwo shi ne manyan IC ɗin da Commodore ta ƙera wa kanta a masana'antarta ta MOS Technology a jihar Pennsylvania: 6510 mai lissafi, VIC-II mai hoto, SID mai sauti, CIA guda biyu, da PLA. Kamfanin ya durƙushe a 1994, ba a kuma ƙera na asalin yanzu. In SID ta mutu, ko dai ka nemi wadda aka ciro daga wata matacciyar kwamfutar da tsada, ko ka sa kwaikwayonta na zamani. Duk a kan adaftar da kuɗin haɗa sabuwarta bai taka kara ya karya ba.

Za ka ce to a auna ta da mita mana. A auna, amma a san cewa mita na iya yaudara a nan. Adaftar da ke gab da lalacewa tana iya nuna 5.1V tana sanyi kuma babu abin da ke jan wuta a jikinta, ta yi rabin awa a kan lodi ta ɗau zafi sannan ta fara hawa. In kana son gwaji na gaskiya, nemi resista mai om 5 da wat 10, ka haɗa ta tsakanin 5V da nagetif. Za ta ja 1A, kusan abin da kwamfutar ke ja, kuma za ta yi zafi sosai, don haka ɗora ta a kan tayil ko siminti. Bar mitar a jiki ka riƙa dubawa har awa guda. Duk abin da ya wuce 5.2V ni na sallame shi. Ko da ta ci jarrabawar ma, abin da ka sani kawai shi ne yau lafiyarta ƙalau. Ban yarda a riƙa ɗora kwamfutar kawu a kan wannan ba. Akwai 'yar na'urar kariya da masu sha'awar Commodore ke haɗawa, ana sa ta tsakanin adafta da kwamfuta, tana yanke 5V da zarar ya doshi 5.4V. Abu ne mai kyau, amma ban ɗauke ta hujjar ci gaba da amfani da tsohuwar adafta ba.

Sai batun cajar waya. Da 5V kaɗai kwamfutar ke buƙata, da maganar mai gyaran rediyon ta zauna. In ka ba tsohuwar Commodore 64, mai kaurin jiki ruwan ƙasa-ƙasa, 5V kaɗai, fitilarta za ta kama, talabijin kuma ta tsaya baƙi ƙirin. Dalili shi ne 9V AC ɗin nan aiki yake yi ba ɗaya ba. A cikin fanel ana ninka shi a fitar da 12V ta regileta 7812, wanda VIC-II da SID mai lamba 6581 ke buƙata. Ana kuma mai da shi DC a fitar da wani 5V na daban ta regileta 7805 don sashen hoto. Motar kaset daga nan take samun wutarta. Sannan agogon da ke cikin CIA yana ƙirga kai-komon wutar AC ɗin ne, sau 50 a daƙiƙa a wutarmu da ta Ingila, sau 60 a ta Amurka. A samfurin baya, C64C mai farin jiki da ya fara fitowa a 1986, musamman masu gajeren fanel da SID mai lamba 8580, hoto na iya fitowa babu 9V AC, amma babu sauti, kaset kuma ba zai juya ba.

Nan ne mutane ke yin kuskure na biyu: su samo adafta da aka rubuta 9V a jikinta su jona, alhali DC ce. Sashen da ke ninka wuta zuwa 12V da kafasita yake aiki, kuma kafasita ba ta wuce da DC. Dole sai AC na gaskiya, wanda ke nufin dole sai taransfoma mai ƙarfe da naɗin waya. Adaftocin zamani marasa nauyi ba sa fitar da AC. In ka ɗaga adafta ka ji ta sakayau, ba ita ba ce. Wadda kake nema za a rubuta AC a gefen fitarta, ko a sa alamar lanƙwasasshen layi kamar haka ~ kusa da 9V ɗin.

Saboda haka sabuwar adafta abu biyu ce a cikin akwati ɗaya: na'urar 5V ta zamani, da taransfomar 9V. Ana sayar da haɗaɗɗu daga Turai da Amurka, in kana da mai kawo maka shi kenan, ka dai tabbatar ta 230V ce. In kuma haɗawa za a yi a gida, ba aiki ne mai wuya ba ga wanda ya saba da wutar gari. In kai ba ka saba ba, kai wa mai gyaran da ya iya, ka zauna kusa da shi da wannan bayanin.

A gefen 5V, abin da na fi natsuwa da shi shi ne ƙaramar na'urar nan mai akwatin ƙarfe mai huji-huji, irin Mean Well RS-15-5. Tana ba da 5V har 3A, tana karɓar wutar gari daga 85V zuwa 264V, kuma tana da ɗan sukurun daidaitawa da za ka murɗa ka tsayar da wutar inda kake so. Kada yawan amfiyar ya tsorata ka. Kwamfuta abin da take buƙata kawai take ja, rarar kuma hutu ne ga na'urar, ba za ta riƙa zafi ba. Commodore da kanta, da ta fito da na'urar ƙarin RAM mai lamba 1764, sai da ta haɗa ta da adafta mai 2.5A, don ta san ta asalin ba ta da rarar ƙarfi. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai: kariyar hawan wuta da ke cikin irin wannan na'urar sai wuta ta kai wajen 5.75V ko sama take aiki, wanda ya yi wa RAM yawa. Shi ya sa ko da sabuwar adafta, sa 'yar na'urar kariyar da na ambata ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Caja fa? Cajar kirki ta asali mai 5V da 2A tana iya riƙe gefen 5V, mutane da yawa na amfani da ita. Matsalar ita ce sanin ta kirkin a kasuwarmu. Jabun caja tana rubuta 2A ta kasa ba da rabinsa, wutarta cike da datti da zai fito maka layi-layi a hoto da tsuwwa a sauti, kuma tazarar da ke tsakanin wutar gari da gefen fita a cikinta ba abin dogaro ba ce. Masu saurin caji kuma an yi su ne su iya hawa 9V ko 12V in waya ta nema. A ƙa'ida ba sa hawa sai an nema, amma ni ba na ajiye abin da ya san hanyar 12V a kan layin RAM.

A gefen 9V, nemi taransfoma mai 230V a shiga, 9V a fita, 1A ko sama kaɗan. Waɗanda suka fi yawa wajen masu kayan gyaran rediyo, a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, su ne masu waya uku a fita, an rubuta 9-0-9. Ɗauki ta tsakiya da ɗaya daga na gefe, shi ne 9V. In ka ɗauki na gefe biyun 18V ka ɗauko, kuma regiletocin cikin kwamfutar da kafasitocinta ne za su ɗanɗana. Wayar da ta rage a naɗe bakinta a killace. Lambar amfiyar da ake bugawa a jikin na kasuwa sau da yawa da ƙari a ciki, don haka sayi wadda aka rubuta 1.5A ko 2A ka huta. In ka auna ta babu lodi ka ga 10V ko 11V kada ka damu, haka taransfoma take, tana sauka in an ɗora mata kaya.

Ga kuma wata ƙa'ida da nake so ka karanta wa mai gyaran sau biyu. Wayoyin 9V AC guda biyun nan, babu wadda za ta taɓa nagetif na 5V, babu wadda za ta taɓa jikin akwati. Mai gyaran rediyo ya saba ganin wayar tsakiyar taransfoma tana tafiya nagetif, hannunsa zai so ya yi hakan. A Commodore 64 wayoyin biyu suna shiga gadar diyod ne a cikin fanel, kuma nagetif ɗin gadar shi ke haɗe da nagetif na kwamfutar. In ka haɗa ɗaya daga waje, ka yi wa diyod ɗaya gajeriyar hanya, wani kuma zai sha wutar taransfomar kai tsaye. In an yi sa'a fis ne zai tafi.

Akwai hanya mai araha da ta halatta. Taransfomar da ke cikin tsohuwar adaftar ba kasafai take lalacewa ba, kuma tunda daga Ingila ta zo, ta 240V ce, ta dace da wutarmu. Ana iya barin ta ta ci gaba da ba da 9V AC, a feɗe wayar fita, a yanke jijiyoyin 5V da nagetif da ke fitowa daga cikinta a killace su, a jona sabuwar na'urar 5V a gefen da ke tafiya kwamfutar. Ba ta da kyan gani, filogi biyu za ka riƙa sawa a soket, amma tana aiki. Wasu kan fasa gam ɗin da kurfi da guduma don su ciro taransfomar su sa sabon kaya a tsohon akwatin. Yini guda ne na wahala, kuma sau da yawa akwatin ke fashewa.

Yanzu filogin, inda aka fi yin ɓarna. Ƙafafun DIN ba a jere lambobinsu suke ba. In ka bi zagayen daga gefe ɗaya na ɗan tsagin da ke jikin ƙarfen, jerin shi ne 6, 1, 4, 2, 5, 3, 7. Biyun da ke kusa da tsagin, 6 da 7, su ne na 9V AC, kuma ba ruwanka da wacce ta hau wacce. Wadda ke fuskantar tsagin daga ɗaya ɓangaren, lamba 2, ita ce nagetif. Lamba 5, maƙwabciyarta, ita ce 5V. Abin da ke rikita mutane shi ne zanen da za ka gani wani daga gaban filogi aka yi shi, wani daga bayan da ake liƙa waya, dama ta koma hagu. Kada ka dogara da zane, kada kuma ka dogara da launin waya in tsohuwar wayar za ka sake amfani da ita, don launukan sun bambanta daga adafta zuwa adafta. Kwamfutar da kanta za ta gaya maka. Ba tare da wuta ba, soka filogin da ba a liƙa wa komai ba a jikinta, sa mita a ma'aunin da ke yin ƙara in wurare biyu a haɗe suke, kunna makunnin kwamfutar. A bayan kwamfutar akwai faffaɗan bakin fanel mai layukan tagulla 12 a sama, 12 a ƙasa. Layi na 1 a sama nagetif ne, na 2 kuma 5V. Ƙafar filogin da ta yi ƙara da na 1 ita ce nagetif ɗinka, wadda ta yi ƙara da na 2 ita ce 5V. Rubuta a takarda kafin ka ɗauki dalma.

Tunda ana maganar filogi, bari in ƙara wannan ko da wata rana wata tsohuwar kwamfutar ta faɗo hannunka. Atari 800XL ma zagayayyen DIN mai ƙafa 7 take amfani da shi, amma 5V DC kaɗai take ci kuma tsarin ƙafafun daban ne, adaftar Commodore na kashe ta. Commodore 128 da Amiga 500 kuma filoginsu mai kusurwa huɗu ne iri ɗaya, wutar cikinsu daban. Shigar filogi a rami ba shaida ba ce.

Wajen haɗa akwatin, roba mai kauri ta fi, a huda mata ramukan iska sama da ƙasa. Wayar wutar gari ta bi ta fis kafin ta rabu zuwa na'urorin biyu, a kuma ɗaure ta yadda in yaro ya ja ba za ta tsinke daga ciki ba. Gefen 9V ma a sa masa nasa fis ɗin na 1A. Na'urar 5V mai akwatin ƙarfe tana da wurin ɗaura wayar ƙasa, kore da rawaya, a ɗaura ta, a yi amfani da filogi mai ƙafa uku. Na san gidaje da yawa ramin na ukun a soket ado ne kawai, babu abin da ke bayansa. In naka haka yake, sa mai wayarin ya duba, don irin waɗannan na'urori suna ɗan zubar da wuta a jikinsu, irin ɗan cizon da kake ji a jikin laftof in tana caji. Mutum ba ya jin komai sai tsikari, amma IC na shekarun 1980 ba ta son sa, musamman lokacin da kake soka wayar talabijin. Wayar da za ta ɗauki 5V kuma ta zama mai kauri, kada ta wuce mita ɗaya da rabi. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta a hanya, ka daidaita 5V a akwati ka tarar da 4.7V a kwamfuta.

In an gama, kada a kai ta jikin kwamfutar tukuna. Auna a bakin filogin: tsakanin 5 da 2 ka ga 5V a ma'aunin DC, jan tsinken mitar a kan 5 kuma babu alamar ragi a gaban lambar. Tsakanin 6 da 7 ka ga 9V zuwa 11V a ma'aunin AC. Cire daga soket ka tabbatar babu ƙara tsakanin 6 ko 7 da 2. Sannan ɗora resistar nan ta om 5 ka bar ta awa guda, ka murɗa sukurun har ya tsaya wajen 5.05V zuwa 5.1V a kan lodi. Sai ka jona, kwamfutar na kashe, sannan ka kunna. Auna kuma a layi na 1 da na 2 na bayan nan, hannu a natse, don layi na 10 da 11 na 9V AC ne kuma zamewar tsinke na iya ƙona fis ɗin cikin fanel. In ka ga wutar ta faɗi sosai tsakanin filogi da fanel, makunnin ne ya yi tsatsa a ciki, a wanke shi ko a canza. Kada ka ƙara wuta daga akwati don cike giɓin. In kuma ka buɗe ta kana son aunawa a kan RAM, ka sani 4164 a juye take da sauran IC: ƙafa ta 8 ce 5V, ta 16 nagetif.

Wutarmu ma tana da nata hukuncin. Na'urar 5V ba ta damu ba ko wutar gari ta sauka 180V ko ta hau 250V. Taransfoma kuwa abin da aka ba ta take rabawa. In wuta ta sauka 180V, 9V ɗinka ya koma wajen 7V, layin 12V ya kasa tsayawa, hoto ya fara rawa, sauti ya yi gurnani. In ta hau 260V, ya wuce 10V, regiletocin cikin kwamfutar su ƙara zafi a kan zafin da suke da shi. Don haka sitabilaiza na da amfani a nan. Ƙaramin janareta ka nisanta ta da shi, wutarsa na tsalle duk lokacin da aka kashe wani abu mai nauyi a gidan. Inbata kuma sai mai tsabtatacciyar wuta, mai arahar nan tana sa taransfoma kuka da zafi. In aka ɗauke wuta kana cikin aiki, kashe ka zare kafin a dawo da ita. Kuma a watannin Maris da Afrilu kada ka bar ta tana ci a rufaffen ɗaki. In ka buɗe ka tarar da kwali mai rufin azurfa-azurfa lulluɓe da fanel, cire shi ka adana, zafi yake tarawa. In murfin ƙarfe ne mai 'yan yatsu da ke taɓa bayan IC, bar shi, shi ke janye musu zafi.

In komai ya tafi daidai, za ka ga shuɗin allo da rubutu yana cewa akwai bayit 38911 na RAM da BASIC, harshen da ake ba ta umarni da shi, zai iya amfani da su, ɗan murabba'i yana ƙyaftawa a ƙarƙashin READY. In lambar ta gaza haka, ko haruffa suka fito a hargitse, RAM ce, kuma mai yiwuwa tsohuwar adaftar ta riga ta yi aikinta tun kafin a sa ta a akwati. In fitila na ci allo baƙi, fara duba fis ɗin gilashi da ke cikin fanel kusa da inda wuta ke shiga, a kan layin 9V AC yake, ka maye shi da mai lamba irin tasa, ba da silin waya ba. Kafin ka zargi kwamfutar kuma, ka tuna ta Ingila tana fitar da hoto ta ramin eriya a tasha ta 36 ta UHF, kuma talabijin na zamani da yawa ba sa kama irin wannan siginar da kyau. Wayar bidiyo daga zagayayyen ramin hoto da sauti na bayanta zuwa jan filogi da rawaya na talabijin ta fi sauƙi, hoton ma ya fi fitowa. Na'urar kaset ɗin kuwa daga jikin kwamfutar take shan wuta, ba ta da adafta, amma bel ɗin robar cikinta da wuya a ce bai saki ba bayan waɗannan shekarun. Mai gyaran rediyon naka zai iya wannan da ido rufe. Ka gaishe da kawu.